Jana'izar Mutum Goma

"A kwashe akwatunan nan a mayar musu. Yau nake so, ba gobe ba."

Rakiya na kicin tana tankaɗen garin tuwo ta tsinkayo muryar mahaifinta daga tsakar gida. Rariyar ta suɓuce mata, gari ya watse a zaninta. Ba sai an gaya mata akwatunan da ake nufi ba. Guda shida ne, suna jere a ɗakin Umma an lulluɓe su da zanin gado tun kafin a kulle gari. Lefenta ne.

Ta fito da sauri. Alhaji Sani mai yadi na tsaye a rana ko hula babu, waya a hannunsa, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Umma na gefe ta dafe ƙirji.

"Alhaji, lafiya? Me kuma ya faru?"

"Sakamakon gwaji ya fito," ya ce. "Ba korona ce ta kashe Inna ba. Babu ita a jikinta. Shi saurayin naki da bakinsa ya bugo yanzu ya gaya min, wai yana ba ni haƙuri. Haƙuri!"

Rakiya ta zauna a bakin rijiya.

Kwana shida ke nan da rasuwar Inna Indo, mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da ta karɓi Rakiya tun daga yaye, wadda har girmanta a ɗakinta take kwana. Numfashi ne ya sarƙe ta da hantsi, aka kai ta asibiti, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Da yake zamanin korona ne, gwamnati ta kafa dokar kulle, ba masallaci, ba coci, ba kasuwa, sai likitoci suka ce ba za a ba da gawa ba, ma'aikatan gwamnati ne za su yi mata sutura. Shugaban ma'aikatan kuwa ba kowa ba ne illa Zakariyya'u, jami'in duba-gari, wanda ya shekara uku yana neman Rakiya. Ba don kullen ya ɗaga biki ba, da yanzu tana ɗakinsa a unguwar Mahuta, amarya ce ta sati biyu.

Alhaji ya roƙe shi ranar. A gaban mutane, a ƙofar ɗakin ajiye gawa, dattijon ya kama hannun rigarsa ya ce, "Ɗana, ka rufa min asiri. Ta bar wasiyya surukarta da jikarta su wanke ta." Zakariyya'u ya durƙusa har ƙasa ya ce ba shi da ikon haka. Abin da ya iya kawai, ya karɓi likkafanin da Inna ta sayo a Makka ya shigar musu da shi ciki. Mutum goma aka bari suka sallace ta a bakin maƙabarta, kowa nesa da kowa. Matar da ta yanke cibiyar rabin 'ya'yan unguwar Makera, mutum goma.

"Baba," Rakiya ta rarrafo gabansa, hawaye na ɗiga daga haɓarta, "don girman Allah ka tsaya ka ji ni. Ba shi ya kafa dokar ba. Aiki aka sa shi."

"Ke ma kin zama lauyansa?" Ya dube ta kamar bai santa ba. "Uwata ce fa, Rakiya. Ban ga fuskarta ba. An naɗe ta a leda kamar kayan shago, wasu baƙi masu fararen kaya suka zura ta a rami, ni ina can tsaye kamar ɗan kallo. Na haɗiye, na ce ai don a kare rayukan jama'a ne. Yau an ce babu cutar. To wa aka kare? Gaya min, wa aka kare?"

Ita kanta kwana shida ke nan tana shiga ɗakin Inna ta zauna a bakin gado, tana duban ƙwaryar da tsohuwar ta ajiye musamman don wankan gawarta.

"Ba zan yi miki dole ba," Alhaji ya ci gaba, ya ɗan sassauta murya. "Ban yi wa yayyenki ba, ba zan fara a kanki ba. Ki kawo duk wanda kike so, ko ɗan dako ne, in ɗaura. Amma wancan yaron, muddin ina numfashi, ƙafarsa ba za ta sake taka zauren nan ba."

Umma ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"Kuma gobe bakwai. Sadaka zan yi wa uwata irin wadda ta dace da ita. Wanda zai kama ni, ya san gidan."

Kafin azahar sai ga Mubarak da motarsa a-kori-kura. Ɗan aminin Alhaji ne, dillalin hatsi, yana da takardar izinin yawo saboda kayan abinci yake dako. Sau biyu yana aiko wa Rakiya da maganar aure a shekarun baya, sau biyu tana ba shi haƙuri. Shi ne ya ɗauki akwatunan ɗaya bayan ɗaya, yana wucewa ta gabanta, fuska a sunkuye kamar mai jimami. Da ya zo ɗaukar na ƙarshe ya tsaya.

"Ki yi haƙuri, Malama Rakiya. Komai muƙaddari ne. Mu dai muna nan inda kika bar mu."

Ta tashi ta shige ɗakin Inna ta turo ƙofa.

*

Washegari aka rufe ƙofar gida ta waje, mutane na shigowa ta lungun baya ɗai-ɗai. Kafin hantsi ya ɗaga, tsakar gida da zaure sun cika maƙil, tabarma na gogar tabarma. Aka yi addu'a, aka shafa, aka yi ta musabaha. Rakiya da mata suna kicin suna zuba shinkafa a faranti, ta tagar tana jin duk abin da maza ke faɗa.

Muryar Mubarak ce ta fi tashi.

"Ni kullum ina kan hanya, Zariya, Kaciya, Kafancan. Ban taɓa ganin gawa a bakin titi ba. Cutar masu hawa jirgi ce, mu me ya haɗa mu da ita? An rufe masallaci an rufe kasuwa, sai ranar Laraba a saki gari gaba ɗaya, mu dunƙule a filin firamare kamar fara muna wawar tumatir. Wato ita cutar tana da ranar hutu ke nan?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce wallahi yunwa za ta riga cutar kashe talaka. Wani ya ce maƙwabcinsa mai Keke Napep ya sayar da katifarsa ya sayi masara.

"Yarona, maganarka ta Laraba gaskiya ce."

Rakiya ta leƙa. Baba Wilson ne, tsohon abokin Alhaji tun suna samari a masaƙar Kakuri, mutumin Filato, mazaunin unguwar Nasarawa. Shi kaɗai ne da takunkumi a fuska, na atamfa, ɗinkin matarsa.

"Dokar tana da ramuka, ban musa ba. Amma don rufin ɗaki yana yoyo, ba a kwashe shimfiɗa a koma tsakiyar ruwan sama. 'Yata Dorcas nas ce a Legas. Kullum ta bugo waya kuka take yi, tana cewa Baba kada ka fita, abin da nake gani da idona ba labarin rediyo ba ne."

"To me ya fito da kai, Baba Wilson?" Mubarak ya tambaya yana murmushi.

Tsohon ya dubi ƙofar ɗakin Inna.

"Shekarar rikicin addini, kwana huɗu na yi a ƙarƙashin gadon matar nan. Ita take turo min tuwo da ƙafarta don kada a gane. Aka binne ta ban je ba. In yau ma ban zo ba, da wane ido zan dubi Sani?"

Alhaji ya miƙa hannu ya riƙe na abokinsa, ya daɗe bai saki ba.

"Wilson, ni na bi doka," ya ce. "Na rufe shago, mutum bakwai da ke ci a ƙarƙashina na sallame su. Na yi Juma'a huɗu a ɗaki kamar mai jego. Na ɗaga auren 'yata. Duk abin da suka ce na yi. Sakayyar da aka yi min ke nan."

"Na sani, ɗan'uwa. Amma yaron nan bai san sakamako ba ranar."

"Kada ka kawo min zancensa."

Da aka kawo abinci, Baba Wilson ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa, suka sa hannu a faranti ɗaya da Alhaji kamar yadda suka saba shekara arba'in.

*

Ranar Laraba aka buɗe gari. Umma ta aiki Rakiya cefanen azumi a kasuwar wucin-gadi da aka kafa a filin makarantar firamaren da Rakiyar take koyarwa. Jama'a kamar za su hau kan juna, masu gwari na ihu, 'yan sintiri na kaɗa bulala a iska. Ta ratse ta bayan azuzuwa zuwa gindin mangwaron da ke bayan ajinta, inda Zakariyya'u ya ce a saƙon waya zai jira ta.

Yana nan tsaye. Ya rame, idanunsa sun faɗa, takunkumi ya rufe rabin fuskarsa. Da ta matso ya ja da baya taku biyu. Ta san dalili, amma sai da abin ya soke ta.

"Ina wuni, Yaya Zakari."

"Lafiya lau, Rakiya. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta jingina da bangon ajin ta saki kukan da ta kwana biyar tana dannewa. Ya tsaya yana kallonta, hannayensa a baya, kamar wanda aka ɗaure.

"Me ya sa ka gaya masa?" ta ce da ta samu numfashi. "Takarda ce a ofishinku. Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ni zan sani. Mahaifiyarsa ce, yana da hakkin ya ji."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Sai da na yi awa biyu da waya a hannu."

Ta share fuska da gefen hijabi.

"To ka amsa min wannan, tsakaninka da Allah. A ce an dawo da ranar, ga Baba ya riƙe rigarka, kai kuma ba ka san sakamako ba. Me za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ƙura masa ido, zuciyarta na roƙonsa ya yi mata ƙarya ko sau ɗaya.

"Haka zan sake yi, Rakiya."

"Inna ce fa!" Muryarta ta tashi har wata mai tallan kuka ta waiwayo. "Inna da take ajiye maka ƙanzon tuwo, take ce maka mijinta na gobe! Ta ce in wanke ta, Yaya Zakari. Ta koya min yadda ake yi, ta sa na maimaita sau uku. Kullum na rufe ido sai in ga kamar tana jirana da ƙwarya."

"Kina tsammani ni ina barci?" Hawaye suka gangaro suka jiƙa bakin takunkuminsa. "Ni na sa ta a kabari da hannuna. Ina zuba ƙasa ina neman gafararta. Amma a ce tana da cutar fa? Ke da Umma za ku wanke ta, ku fito ku rungumi mata ɗari masu gaisuwa. Yau da wa nake tsaye a nan?"

"Amma ba ta da ita."

"Ba ta da ita."

Hayaniyar kasuwa na tasowa daga bayan azuzuwa.

"Dubi can," ta nuna da hannu. "Dubi yadda ake turmutsitsi. Wannan doka taku tana aiki kuwa? Ɗalibata guda, uwarta ta zo jiya tana roƙon tsakin masara. Ka gaya min gaskiya, wahalar nan da ake sha tana hana wani abu?"

"Wallahi wani lokacin ni ma ban sani ba," ya ce. "Shekaranjiya a Nasarawa na ce wa wata mata ta zauna a ɗaki sati biyu. Ta buɗe min tukunyarta, wayam, ta ce in zuba mata sati biyun a ciki. Na rasa abin cewa. Amma aikin nan namu, in ya yi kyau ba a ganin komai. Wanda bai mutu ba ba ya zuwa godiya, don bai san an kauce da shi ba. Kuskurenmu kaɗai ake gani, shi ne yake da kabari."

Sannan ya ce, "Mutum nawa suka zo sadakar bakwai?"

Rakiya ta ɗago da sauri.

"Wannan tambayar masoyi ce ko ta ma'aikaci?"

"Ba sai kin amsa ba. Na ji labari tun safiyar ranar. Aikina ne in kai rahoto a zo a watse taron." Ya dubi ƙasa. "Ban kai ba. Na ce na riga na karya zuciyar dattijon nan sau ɗaya, ba zan sa a ja shi kotun tafi-da-gidanka ranar bakwai ɗin uwarsa ba. Na ce in na yi haka, na rasa ki har abada. Tun da na fara aiki ban taɓa kau da kai ba sai ranar. Ina roƙon Allah kada abin ya zama komai."

"Babu abin da zai zama," ta ce a hankali. "Kowa lafiya ya tafi."

"Allah ya sa. Akwatunanki suna ɗakina, ko zanin da aka rufo su da shi ban cire ba. Zan jira, Rakiya, ko shekara nawa ne."

Ta ɗauki kwandonta. Ta so ta ce masa wani abu mai daɗi, amma maganarsa ta ɗazu ta hana ta. Ta juya ta tafi ba sallama.

*

Azumi na da kwana shida Alhaji ya fara zazzaɓi. Ya ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis. Kwana biyu bayan nan Umma ta turara ɗakinsa da turaren wuta, hayaƙi har yana sa ta tari, ya dube ta ya ce me ya sa yau garwashin ba ya ƙamshi. Rakiya na bakin ƙofa da kofin ruwan zafi. Ta sha ji a rediyo cewa rashin jin ƙamshi alamar korona ce.

Ranar tara ga azumi da hantsi wayar Umma ta yi ƙara. Maman Dorcas ce, matar Baba Wilson. Tun daga inda take Rakiya na jin kururuwarta.

"Hajiya, Baban Dorcas ya tafi! Ya tafi ya bar ni! Sun gwada shi, sun ce ita ce. Ko hannunsa ba su bari na riƙe ba!"

Umma ta saki wayar ta ɗora hannu a ka. Daga cikin ɗaki Alhaji ya ji komai. Bai yi kuka ba. Ya juya fuska bango, tari na turnuƙe shi.

Babu wanda zai iya rantsuwa a inda Baba Wilson ya ɗauko ta. Ko a kasuwar Laraba, ko a layin banki, ko a farantin shinkafa. Amma a gidan babu wanda ya iya duban idon wani.

Da azahar Mubarak ya zo. Rakiya ta buɗe masa ƙofa, ta gan shi can tsallaken kwata, takunkumi biyu a fuskarsa, ɗaya a kan ɗaya. Ya ajiye leda a ƙasa ya tura ta da ƙafa.

"Ga tazargade da citta, a dafa wa Baba ya yi sirace. Ba komai ba ne, sanyi ne."

"Ka shigo mana ka gaishe shi. Numfashinsa ba daidai ba, ko za ka taimaka mana da mota?"

"Ai da na shigo, to lodi ke jirana a Kawo. Ki gaishe shi." Ya tafi yana waiwaye, har yana tuntuɓe.

Ta koma ciki. Alhaji na zaune an tokare shi da matasai, leɓɓansa sun yi duhu, kowace kalma sai ya huta kafin ya kai ta gaba.

"Baba, ka bari in kira ma'aikatan lafiya."

"A'a."

"Baba, dubi yadda kake numfashi. Suna da iskar da ake sa wa mutum. Mutane da yawa sun shiga sun fito."

"Wilson... ya fito?" Ya kama hannunta, tafinsa kamar garwashi. "In mutuwa ce... ta same ni a ɗakina. Uwarki ta rufe min ido. Duk wanda ya kira su... ban yafe ba. Kin ji ni? Ban yafe ba."

Umma na gefe tana kuka tana girgiza mata kai, alamar ta bar maganar.

Rakiya ta fito ta shiga ɗakin Inna. Tun da take ba ta taɓa tsallake maganar mahaifinta ba. Ta san nauyin kalmar da ya furta, ta san 'yar da uba ya ce bai yafe mata ba, ko ƙasa ba ta son ɗaukarta. Ta zauna tana sauraron tarinsa ta bango. Tarin ya tsaya, shiru ya yi tsawo, har ta miƙe a firgice, sannan ya dawo da wani irin gurnani.

Ta ɗauki waya.

"Yaya Zakari," ta ce, muryarta ba ta rawa ko kaɗan, "ku zo ku ɗauki Baba."

*

Ana kiran la'asar daga lasifikar masallacin da ba kowa a cikinsa motar asibiti ta shigo layin. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi da saman katanga. Mutum uku suka sauko cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Ko a cikin dubu Rakiya za ta gane tafiyar na gaban.

Alhaji bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfinta. Da suka shigo ɗakin ya dube su, sannan ya dubi 'yarsa da ke rakuɓe a jikin ƙofa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba." Ta zube a gwiwa. "Ka tsine min kana raye ya fi min ka sa min albarka kana kabari."

Ya kau da kai.

Ya ƙi hawa gadon ɗaukar marasa lafiya, ya ce da ƙafarsa zai fita daga gidansa. Taku uku ya yi jiri ya kwashe shi. Zakariyya'u ya tare shi, ya rataya hannun dattijon a wuyansa, suka ratsa tsakar gida a hankali, suka bi ta zaure. A bakin mota aka sa masa abin shaƙar iska. Ya ja sau uku, sannan ya janye shi daga fuskarsa, ya damƙi hannun Zakariyya'u mai safar roba.

"Zakariyya'u."

"Na'am, Baba."

"Na san kai ne... Ka ji. In ta Allah ta kasance... ka dawo da ni gidan nan. 'Yan'uwana su wanke ni... jama'a su sallace ni a ƙofar gidana." Ya tsaya yana haki. "Ka yi min alkawari... ni kuma ga shaidu... na ba ka Rakiya. Na yafe maka, na yafe mata."

Umma ta toshe baki da mayafi. Rakiya na tsaye a bakin zaure, inda aka ce kada ta wuce, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu. Kalma ɗaya tak ake so Zakariyya'u ya faɗa. Ya ce "to", a rufe mota, in Baba ya warke shi ke nan, babu mai sake tambaya. Ta tsura wa gilashin da ya rufe fuskarsa ido, gumi da hawaye sun haɗu a ciki har ba ta ganin idanunsa sosai. A ranta tana cewa, ka faɗa, don Allah ka faɗa.

Zakariyya'u ya durƙusa a kan kwalta, hannunsa na cikin na dattijon.

"Baba, sau ɗaya na kau da kai don in faranta maka. Yau da safe ni na binne Baba Wilson." Ya ƙara riƙe hannun. "Zan tsaya a kanka dare da rana. Duk abin da ɗa yake yi wa uba zan yi maka. Ina roƙon Allah da ƙafarka za ka dawo. Amma wannan alkawarin, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba zan iya ba."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan a hankali ya zare hannunsa, ya mayar da abin shaƙar iskar fuskarsa da kansa, ya rufe ido.

Aka shigar da shi. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya zo ya gaya wa Umma cewa gobe za a zo a gwada su, kuma daga yau sati biyu ba shiga ba fita. Zakariyya'u ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota, ya waiwayo.

"Rakiya..."

Ta buɗe baki. Ta rasa ko tsine masa za ta yi, ko gode masa. A duk tsawon shekara ukun nan ba ta taɓa jin haushinsa kamar na wannan lokacin ba, ba ta kuma taɓa sanin tana sonsa har haka ba.

"Bai sha ruwa ba tun sahur," ta ce da ƙyar. "Ya ƙi karya azumin. Ka lallashe shi ya sha, ba ya son mai sanyi."

Ya gyaɗa kai, ya shiga, aka ja ƙofa.

Ta bi motar da ido har ta karya kwanar titin Kakuri. Sannan ta tura ƙyauren gidan da hannunta, ta sa sakata, ta juya ta kama Umma da ke shirin faɗuwa.